Kanwar da Na Zuba wa Shanun Yaya Ɗahiru

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Ɗahiru, kuma shekara tara ke nan ana ba da labarin mutuwarsa a karkace. Saniya ce ta faɗo masa a wata gonar madara da ke arewa da birnin New York, tafiyar awa huɗu a mota daga Bronx, sashen birnin inda iyalinsa suke. Ta matse shi da ƙofar ƙarfe, haƙarƙarinsa suka karye, bai kai asibiti da rai ba. Wannan ɓangaren gaskiya ne, a gabana aka yi. Wanda ba gaskiya ba shi ne abin da mutanenmu suke ƙarawa in sun sassauta murya, wai shi ya kuskure haɗin abincin shanun, shi ya sa suka riƙa zubewa har ɗaya ta zube a kansa. Na ji wannan magana a wurin suna, na ji ta a wurin ɗaurin aure, na ji ta a cikin jirgin ƙasa muna tsaye kafaɗa da kafaɗa da mai faɗinta, ban taɓa buɗe baki na ƙaryata ba. Alhali na fi kowa sanin ƙarya ce, domin ni na aikata abin da aka ɗora masa.

Bari in faro daga gida, don wanda bai san mu ba ya gane inda wautata ta samo asali. Mu Fulanin gida ne na wajen Gumel, irin waɗanda Fulatancin ya tsere musu amma shanun suka tsaya. Mahaifinmu, Baffa, yana da ɗan garke. Abin da na buɗe ido na gani shi ne duk bayan 'yan makonni sai ya je kasuwar Maigatari ya ɗauro jar kanwa a bayan keke, a jiƙa a kwamin ruwa, shanu su yi ta sha suna lasar hanci. A wurinmu wanda ya hana saniya kanwa ko dai mugu ne ko matsiyaci. Mai ciki kuwa ita ake fara turawa bakin kwamin.

Yaya Ɗahiru ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Dogo ne, marar yawan magana, mai saurin hannu. Tun muna yara in ya gaya maka abu sau biyu, na ukun a ƙeyarka za ka ji shi. Da ya zo Amurka ya ɗan taɓa tuƙin tasi, ya ce shi ba zai tsufa a kan kujera yana sauraron zagin fasinja ba. Yana jin ana neman ma'aikata a gonar madara ya ɗauki jakarsa ya tafi. Mai gonar, wani dattijon Bature mai faɗan tsiya, ya lura mutumin nan yana gane saniya marar lafiya daga tsayuwarta tun kafin ta daina cin abinci. A hankali ya miƙa masa aikin da ba a ba kowa, wato kula da shanun da suka kusa haihuwa. Yaya bai wuce firamare ba, amma ya liƙe wa likitar dabbobin da ke zuwa gonar da tambaya har sai da ya haddace abin. Duk bayan mako biyu yakan sauko unguwar Concourse Village da ke Bronx wurin matarsa, Anti Hajara, ta sa shi cire takalmi tun daga bakin ƙofa saboda warin garke, shi kuma ya zauna ya yi ta ba mu labarin shanu har mu fara hamma.

Ni tasin na riƙe, har ranar da na daki wata mota a titin Grand Concourse aka karɓe lasin tuƙina. Takarduna na zama a ƙasar a lokacin ba su fito ba, suna hannun hukumar shige da fice. Yaya ya ce zaman kashe wando a Bronx ba zai haifar mini da alheri ba. Ya roƙar mini aiki a gonar, aka ba ni shara da ban ruwa.

Ranar da ya kai ni garken masu ciki raina ya ɓaci. Shanu ne ƙosassu, baƙi da fari, ciki ya yi musu nauyi, amma abin da ke gabansu busasshen karan alkama ne da 'yar tsimammiyar masara, an barbaɗa wani gari mai ɗaci da tsami. Ga kuma koriyar ciyawa mai kama da harawa an jibge har rufi a ɗakin ajiya, wai ta masu ba da nono ce. Na ce masa, "Yaya, wannan ai zalunci ne. Mai ciki ce za a ba kara a hana ta mai kyau?"

Ya dube ni irin kallon nan nasa. Ya ce, "Saniyar nan ba irin ta Baffa ba ce, Nafi'u. Ta Baffa in ta haihu, nononta bai cika ƙwarya ba. Wannan ranar da ta haihu nono zai zubo mata kamar an buɗe famfo, kuma da kalsiyam ake yin sa, sinadarin da ke cikin ƙashi. Daga jininta zai fita. In jikinta bai saba jawo wani daga ƙashi da hanji da sauri ba, na jinin zai ƙare, ƙafafunta su ƙi ɗaukarta. Ka gane, ko sai na maimaita?"

Daga nan ya nuna mini sauran. Mako uku kafin haihuwa ake fara shirya saniya. Ana janye mata koriyar ciyawa saboda tana da yawan fotasiyam, wanda ke sa jiki ya yi kasala wurin jawo kalsiyam. Garin nan mai tsami a kan sikeli yake auna shi, ba da tafin hannu ba, aikinsa ya ɗan karkata jinin saniya zuwa tsami, don wannan ɗan tsamin ne ke tashin jiki daga barci ya fara jawo abin da zai buƙata. Yana ƙara musu magniziyam, wanda in babu shi duk wannan shirin ba ya kamawa. Duk bayan 'yan kwanaki kuma sai ya tari fitsarinsu da wata 'yar takarda mai sauya launi, launin ne ke gaya masa ko tsamin ya kai. Ya ɗaga mini yatsa ya ce duk abin da zai kashe tsamin nan kada ya kusanci wannan garken.

Bai ambaci kanwa ba. Me zai kawo masa tunanin kanwa a cikin dajin Turawa? Amma ni ba yaro ba ne. Kowace mace a gidanmu ta san in miyar yakuwa ta yi tsami kanwa ake jefa mata. Da na tsaya na yi tunanin minti ɗaya da na haɗa biyun. Ban tsaya ba, saboda na riga na yanke hukunci cewa yayana ya zauna da Turawa har tausayin dabba ya fita daga zuciyarsa, kuma ni ne zan tuna masa ɗan waye shi.

Da muka sauko hutun ƙarshen mako, na shiga unguwar Harlem, titi na ɗari da sha shida, shagon Alhaji Mamman ɗan Damagaram, inda matanmu ke sayen kuka da daddawa. Na ce ya ba ni jar kanwa rabin buhu.

Ya ce, "Rabin buhu? Mon frère, ɗan'uwa, gidan tuwo za ka buɗe?"

Na ce shanu zan ba. Ya yi dariya har yana dukan kanta, ya ce, "Bon, to su ma shanun Amurka su ɗanɗana abin gida."

Na naɗe buhun a bargo na tura ƙarƙashin kayana a bayan motar Yaya. Shi da kansa ya tuƙo mana ita zuwa gona bai sani ba.

Kullum bayan azahar Yaya yakan tafi ɗaya ɓangaren gonar. Lokacin nake daka kanwar in jiƙa a kwamin ruwan masu ciki, in kuma yago musu koriyar ciyawa in watsa. Wallahi yadda suke turereniya a bakin kwamin nan, ji nake yi ni ne kaɗai mai imani a gonar. Har magana nake yi musu da Hausa, ina cewa su sha, ɗan'uwansu ya zo. Na yi fiye da mako biyu ina wannan aikin.

Ta farko da ta zube, da safe ta haihu, kafin la'asar tana kwance ta lanƙwasa wuya ta ɗora kai a kan haƙarƙari, kunnuwanta sun yi sanyi ƙalau. Yaya ya nemo jijiyar wuyanta ya ɗura mata kalsiyam a hankali, don in aka yi sauri zuciya ce ke tsayawa, ta miƙe. Ta biyu ma ta miƙe, amma ta sake kifewa a kan siminti, ƙafafunta na baya suka rabe biyu, muka ji abin ya yage daga ciki. Aka kawo wani ƙarfe aka damƙe mata ƙasusuwan ƙugu, tarakta ta ɗaga ta sama tana lilo tana wani irin kuka da ban taɓa jin saniya ta yi ba. Da aka sauke ta ta sake rabewa. Mai gonar ya shiga gida ya ɗauko bindiga ya ɗora mata a goshi. Jinin ya fantsamo mini har gaban riga, aka ɗaura mata sarƙa a ƙafa aka ja ta a kan tsakuwa, ɗan maraƙinta yana ta kuka a keji. Ta uku kuwa kafin a kai gare ta ta miƙe a gefe ɗaya, cikinta ya kumbura tim, ta mutu tana kallonmu.

Mai gonar ya tsaya a tsakiyar ma'aikata ya yi wa Yaya tas, ya ɗauki gwangwanin takardun gwajin ya wurga masa a ƙirji. Yaya ya durƙusa ya tsince su ɗaya bayan ɗaya. Na ga ya sake auna garin, ya gwada sikelin da ƙullin sukarin da ya san nauyinsa don ya tabbatar ba shi ne ya lalace ba, ya buɗe sabon buhu, ya tari fitsarin kowace saniya. Launin ya ci gaba da nuna masa babu tsami ko kaɗan. Ya rame a cikin 'yan kwanakin nan, ko abinci sai ya tsakura ya ture.

Ni fa? Nan ne nake jin kunyar rubutawa. Zuciyata ta ɗan raya mini, na danne ta. Na ce ai ga shi nan, abin da na faɗa ne, ƙarfi ne babu a jikinsu saboda karan da ake ba su. Sai na ninka kanwar.

Harshensa ne ya kama ni. Wata Laraba da rana ya tsaya a bakin kwamin ya ga wani fari-fari ya bushe a gefensa, ya tsoma yatsa ya lasa. Ɗan Gumel ba ya buƙatar takarda mai launi kafin ya gane wannan ɗanɗanon. Ya bi bayan tarin karan ya zaro buhun daga inda na ɓoye shi. Ina riƙe da tsintsiya na ji an shaƙo wuyan rigata ta baya. Naushin farko ya same ni a ido, na biyu ya fasa mini leɓe, na faɗi ya bi ni da igiyar ɗaure saniya ya yi ta zabga mini ba ji ba gani. Sannan ya ja ni da ƙafa har bakin kwamin ya danna kaina ciki. "Sha! Sha ka ji abin da kake ba su!" Ya ɗago ni na shaƙi iska ya sake dannawa. Ruwan ya shiga mini hanci, ya shiga inda leɓen ya fashe yana ci kamar wuta. Na tabbata ran nan kashe ni zai yi, kuma shanun suka taru a kusurwa guda suna huci.

Da ya sake ni ya zauna a ƙasa yana haki. Sannan ya ce, "Boss ba zai ji wannan ba. In ya ji, police zai kira, kai kuma file ɗinka yana hannun immigration. Ran Asabar zan sa ka a bas ka koma Bronx. Sauran ni zan ji da shi."

Na ce, "Yaya, sunanka fa?"

Ya ce, "Yanzu ka tuna da sunana? Tashi ka kwashe ruwan nan."

Muka zubar da ruwan, muka wanke kwamin sau uku. Ya ce tsamin zai dawo jikinsu amma sai an ɗau kwanaki, kuma akwai wadda ba za ta jira kwanakin ba. Wata tsohuwar saniya yake nufi, wadda ta fi kowace girma a garken, mu biyu muke kiranta Goggo. Haihuwarta ta shida ke nan, kuma ciwon ya fi kama tsofaffi. Ita ce kuma na fi tausayi, na fi ɗura wa kanwa.

Washegari da hantsi ta haihu. Kafin rana ta take jikinta ya fara karkarwa, ƙafafun baya suka sandare, tana cizon haƙora tana tangaɗi. Yaya ya ce kada mu bari ta faɗi a kan siminti, mu lallaba ta zuwa inda aka shimfiɗa kara ya ba ta maganin a can. Ya miƙo mini kwalbar kalsiyam, ya ratsa tsakaninta da ƙofar ƙarfen don ya sa mata igiya a kai. Idona ɗaya a kumbure yake, amma da ɗayan na ga komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi gargaɗi ba, ƙafafunta kawai suka tafi, ta zubo masa gaba ɗaya. Ƙofar ta lanƙwashe. Na ji ƙarar ƙashi yana karyewa, ba sau ɗaya ba.

Na ja wutsiyarta, na tokare ta da kafaɗa, na ɗauki shebur na yi ta dukanta a gadon baya har ƙotar ta karye. Ba ta motsa ba, ba don taurin kai ba, ai ciwon ke nan, jikinta ba ya jin umarninta. Na ruga ina ihu, aka taso da tarakta, aka sa sarƙa aka janye ta. Yaya yana jingine da ƙofar, jini na fitowa ta baki da hanci, idonsa a kaina. Bai bar mini wasiyya ba, bai yafe mini ba, bai tsine mini ba, babu iskar da zai yi ko ɗaya da ita. Na laƙƙana masa kalmar shahada leɓensa ya motsa. Motar asibiti ta ɗauke shi, ya cika a hanya. Goggo kuwa likita ta zo ta ɗura mata kwalbar nan da ya miƙo mini, kafin awa guda ta miƙe tana cin abinci.

'Yan sanda suka tambaye ni abin da ya sami fuskata, na ce ƙofar ce ta buge ni. Mai gonar ya gaya musu abin da shi ma ya ɗauka gaskiya ne, cewa haɗin abincin ya yi makonni a lalace kuma Ɗahiru ne mai haɗawa. Buhun kuwa tun kafin su iso na jefa shi cikin ramin kashin shanu. Kafin mu kawo gawar Bronx labarin ya riga mu isowa.

A wurin zaman makoki wata mata ta ce wa Anti Hajara, da muryar tausayi, Allah ya jiƙansa, amma aikin da sai an yi karatu bai kamata a ɗora wa makiyayi ba. Ina zaune a bakin ƙofa na ji. Mutumin da ya gwada sikeli da ƙullin sukari ake faɗa wa haka, ni kuma na yi gum. Na gaya wa kaina shi ya ce kada in faɗa. Wannan uzurin ya riƙe ni shekara huɗu, har takarduna suka fito. Daga nan ba ni da wani uzuri sai tsoro, kuma tsoron ya ishe ni wasu shekara biyar.

A duk tsawon lokacin nan ban daina zuwa gidan Anti Hajara ba. Ina shiga in ci tuwo in tsokane ta irin wasan ƙanin miji, ta kira ni malalaci, mu yi dariya. Wata rana ta dawo daga aikinta na kula da tsofaffi a gajiye, ta zauna ta ce mini ta yi tunani ta gano abin da ya faru. Wai ita ce ta matsa masa ya riƙa saukowa duk mako biyu, tuƙin ne ya gajiyar da shi har ya kuskure awo. Ta ce, "Ni na kashe shi, Nafi'u." Na ce ta daina faɗin haka, ƙaddara ce. Na gama cin abincina na tafi.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yadda abubuwa suka koma yanzu. Kusan duk wanda ya ɗan samu a cikinmu burinsa ya kafa gonar madara a gida. Wayoyinmu cike suke da bidiyon shanu baƙi da fari a wajen Kano da Zariya, an gina musu rumfa, an sa musu fanka. Na san zai yi murna, don ya sha cewa nonon da yaranmu ke sha bai kamata ya zo a gwangwani daga wata ƙasa ba. Amma na san tambayarsa ta farko ba a kan rumfar za ta kasance ba. Cewa zai yi, wa ke ciyar da masu ciki, kuma me yake ba su a makonni ukun ƙarshe? Domin mun sayo saniyar wasu mun ɗora mata tarbiyyar tamu, muna cika wa mai ciki harawa da kanwa saboda so, in ta zube bayan haihuwa mu ce maita ce ko sammu. Kanwa ba guba ba ce, shanun Baffa sun sha ta sun yi ƙiba. Saniyar da za ta zubo nono mai yawa dai ba a ba ta ita gab da haihuwa, kuma mai irin wannan saniyar ya nemi likitan dabbobi ya tsara masa abincin, kada ya yi da ka irin nawa.

Irin wannan bidiyon ne ya tona ni a watan jiya. Bayan sallar Juma'a wani abokin tuƙina ya tara mu a ƙofar masallaci yana nuna mana sabuwar gonarsa ta gida a wayarsa. Na hango dunƙulen kanwa a garken masu ciki, na ce masa ya kira yaransa yanzu su ɗauke. Ya yi dariya ya ce, "Kai ne za ka yi mini lecture? Ba yayanka ne ya yi mixing ya ƙarar da shanun Bature ba?" Ban san lokacin da na shaƙe shi na haɗa bayansa da bango ba, wayar ta faɗi ta tsage. Mutum uku suka ɓamɓare ni. Ina tsaye ina huci sai na ga rashin kunyar abin. Na shaƙe mutum a kan ƙaryar da ni na shuka ta, na yi shekara tara ina ba ta ruwa.

Daga nan gidan Anti Hajara na wuce. Na same ta tana ninke kayan wanki. Ban zauna a kujerar da na saba ba, na durƙusa a ƙasa na faɗa mata komai, daga shagon Alhaji Mamman har ramin da na jefa buhun. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ajiye rigar da ke hannunta, ta tako ta ɗauke ni da mari, ta ƙara da ɗaya hannun, ta ɗauki kofin shayi ta jefe ni da shi ya fashe a bango.

Ta ce, "Na zauna a gabanka na ce ni na kashe mijina, ka ce ƙaddara ce, ka ci gaba da cin tuwona."

Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Saniyar ban riƙe ka da ita ba, ba ka yi da niyya ba. Shekara taran nake tambayarka. Ka je ka gaya wa duk waɗanda ka bari suna faɗa. Kada ka sake taka gidan nan sai na kira ka."

Juma'ar da ta biyo baya na nemi izinin liman na miƙe a gaban jama'a na faɗa. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka tashi suka fita, wani dattijo ya tofar da yawu a gefen takalmina. Na rubuta wa mai gonar wasiƙa, ban sani ba ko yana raye. Wannan rubutun shi ne na waɗanda ba su zo masallaci ba, da na gida da labarin ya kai musu a karkace.

In na auna abin da Yaya Ɗahiru ya bari, ba shi da yawa a ido. Bai gina gida ba, bai bar garke ba. Ya bar misalin mutumin da ya girma da al'ada guda, ya ga saniyar da ke gabansa ba ta dace da ita ba, ya ajiye ta ya koyi wata ba tare da ya raina ta farkon ba. Hannunsa yana da zafi, ban ce dukan da ya yi mini daidai ne ba, amma da wannan hannun ya rufe ni a lokacin da zai iya nuna ni da yatsa ya tsira da aikinsa da mutuncinsa. Sunansa kaɗai ne dukiyarsa, shi ya ba ni aro na kwana uku zuwa Asabar, ni kuma na riƙe shi shekara tara.

Duk shekara Anti Hajara takan tara mutane a gidanta a yi masa addu'a ranar da ya rasu, kuma ni nake kawo nama in shimfiɗa tabarmi. Bana ta kira liman, ta kira maƙwabta, har matar nan ta zaman makoki ta kira, ni ba ta kira ni ba. Na tsaya a tsallaken titi ina kallon mutane suna shiga. Da liman ya fito ya tsallako ya same ni. Ya ce kafin a shafa fatiha Anti Hajara ta miƙe tsaye a tsakiyar ɗaki, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗaga murya ta ce, "Ku shaida, mijina bai kuskure awo ba." Ya ce sau biyu ta faɗa, na biyun tana kuka.

Allah ya yalwata maka kabarinka, Yaya, ya sa ka huta. Har yanzu ba ta kira ni ba, kuma ban ga laifinta ba.